Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarken Fim ɗin Joan Is Awful ta Fuskar Haƙƙin Ma'aikaci

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 2023 kamfanin Netflix ya saki zango na shida na jerin finafinan nan mai suna Black Mirror, wanda marubucin Ingila Charlie Brooker ya ƙirƙiro. Kashi na farko a wannan zango shi ne Joan Is Awful, wato "Joan Ba Ta da Kirki", wanda Brooker ya rubuta, Ally Pankiw kuma ta ba da umarni. Fim ɗin ya fito ne lokacin da marubutan finafinan Amurka suka shafe mako shida suna yajin aiki, saura wata guda ƴan wasa su bi sahunsu. Saboda wannan dacewa, ƴan jarida da masu sharhi da dama suka ɗauke shi a matsayin madubin wannan yaji, har wasu suka ce ya hango abin da zai faru.

Wannan takarda za ta auna wannan magana. Za a kawo taƙaitaccen labarin fim ɗin, sannan a bayyana dalilan yajin aikin, daga nan a ɗora ɗaya kan ɗaya domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, fim ɗin ya gano cutar, wato yadda sa hannu a takarda yake raba mutum da haƙƙinsa, amma maganin da ya bayar ba shi ne wanda ya yi wa ma'aikatan amfani ba.

2.0 Taƙaitaccen Labarin Fim

Joan, wadda Annie Murphy ta fito a matsayinta, jami'a ce a wani kamfanin fasaha. A wuni guda ta sallami wata ma'aikaciya bisa umarnin manyanta, ta je wurin likitar da ke sauraron damuwarta, sannan ta sadu da tsohon saurayinta a ɓoye. Da dare, suna zaune da wanda za ta aura, suka buɗe Streamberry, wani dandalin kallon finafinai ta intanet, sai ga sabon shiri da sunanta, Salma Hayek tana kwaikwayon duk abin da ta yi a wunin, tare da ƙarin gishirin da zai muzanta ta. Kafin a jima ta rasa aikinta, ta rasa mijin da za ta aura.

Da ta je wurin lauya, sai aka shaida mata cewa ba ta da ta cewa, domin ita da kanta ta amince da sharuɗɗan dandalin ranar da ta yi rajista. Haka kuma aka bayyana mata cewa ba Salma Hayek ce take wasan ba, kamanninta ne kawai kamfanin ya saya, kwamfuta take sarrafa shi. Joan ta yi wani abin kunya a cikin coci ana ɗaurin aure, domin shirin ya maimaita shi da fuskar Salma. Dabarar ta ci. Salma ta fusata, amma nata lauyan ya gaya mata cewa ita ma ta riga ta sa hannu. Matan biyu suka haɗa kai suka kutsa ofishin kamfanin domin su farfasa kwamfutar. A can ne aka gane cewa ita kanta wannan Joan ɗin ba ta gaske ba ce, surar Annie Murphy ce take kwaikwayon wata Joan ta asali. Duk da haka aka sare kwamfutar da gatari. Fim ya ƙare da Joan ta asali ta buɗe shagon sayar da gahawa, ita da Annie Murphy suna zaman ɗaurin talala, amma hankalinsu a kwance.

3.0 Yajin Aikin Shekarar 2023

Ƙungiyar marubutan finafinan Amurka, WGA, mai mambobi kimanin 11,500, ta fara yajin aiki ranar 2 ga Mayu, ta janye ranar 27 ga Satumba, kwana 148 ke nan. Ƙungiyar ƴan wasa, SAG-AFTRA, mai mambobi kimanin 160,000, ta fara nata ranar 14 ga Yuli a ƙarƙashin shugabarta ta wancan lokaci, Fran Drescher, ta janye ranar 9 ga Nuwamba, bayan kwana 118. Abokiyar jayayyarsu ita ce AMPTP, haɗaɗɗiyar ƙungiyar manyan kamfanoni irin su Disney da Netflix da Warner Bros. Rabon da marubuta da ƴan wasa su yi yaji a lokaci guda tun shekarar 1960, lokacin da Ronald Reagan yake shugabancin ƙungiyar ƴan wasa.

Tarihin waɗannan yaje-yaje yana da tsari guda. Duk lokacin da aka sami sabuwar hanyar nuna fim, sai gardama ta tashi a kan rabon kuɗin da za ta kawo. A 1960 talabijin ce. A 1980 kaset ɗin bidiyo ne da tashoshin da ake biya kafin a kalla. A yajin marubuta na 2007 zuwa 2008, wanda ya ɗauki kwana 100, intanet ce. A 2023 kuwa abu biyu ne suka haɗu.

3.1 Kuɗin Maimaici

Abu na farko shi ne abin da za a iya kira kuɗin maimaici, wato ladan da ake biyan marubuci ko ɗan wasa duk lokacin da aka sake nuna aikinsa bayan nuni na farko. Aikin fim ba na kullum ba ne. Ɗan wasa kan yi wata biyu yana aiki, ya yi wata shida yana jira, kuma da wannan kuɗi yake riƙe gida a tsakani. A tsarin talabijin, gwargwadon yawan maimaita shiri, gwargwadon abin da yake samu. Da dandalin kallo ta intanet suka zo, sai aka koma biyan wani ƙayyadadden kuɗi wanda bai dogara da yawan masu kallo ba, kamfanonin kuma suka riƙa ɓoye alƙaluman masu kallon. Kimiko Glenn, ɗaya daga cikin ƴan wasan Orange Is the New Black, shirin da ya taimaka wajen ɗaukaka sunan Netflix, ta nuna takardar kuɗin maimaicinta na ƙasashen waje, jimillar abin da ke ciki dala 27 da ƴan kai.

Bugu da ƙari, shirin da a da yake da kashi 22 a zango ya koma kashi 8 ko 10, saboda haka makonnin aiki suka ragu. Rahoton da WGA ta fitar a watan Maris na 2023 ya nuna cewa kusan rabin marubutan shirye-shirye suna karɓar mafi ƙarancin albashi, alhali shekara goma kafin nan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suke wannan matsayi. A ɓangaren ƴan wasa, a shekarar 2023 sai mutum ya sami dala 26,470 a shekara kafin ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiya, kuma fiye da kashi huɗu cikin biyar na mambobin ba sa kai wa ga wannan adadi.

3.2 Ƙirƙirarriyar Basira

Abu na biyu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Marubuta suna tsoron a sa kwamfuta ta zayyana labari, sannan a kira mutum ya gyara a biya shi kuɗin gyara. Ƴan wasa kuma suna tsoron a ɗauki kamanninsu da muryarsu sau ɗaya a yi ta amfani da su. Jagoran tattaunawa na SAG-AFTRA, Duncan Crabtree-Ireland, ya zargi kamfanonin da neman su ɗauki surar ƙananan ƴan wasa masu cika fage, su biya su kuɗin wuni guda, su mallake ta har abada. Kamfanonin sun musanta, suka ce tayin nasu ya tsaya ne ga fim ɗin da aka ɗauki mutum dominsa. A kan wannan batu na biyu ne aka danganta Joan Is Awful da yajin aikin.

4.0 Inda Fim ɗin Ya Dace

4.1 Jigon Sa Hannu

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne yadda ya sarrafa jigon amincewa. An gina shi a kan fitowa biyu masu kama da juna: Joan a gaban lauyarta, Salma a gaban lauyanta. Ɗaya mace ce da ba a san ta ba, ɗaya tauraruwa ce da duniya ta sani, amma amsa guda suka samu. Wannan maimaitawa dabara ce ta zubi da tsari. Ba a buƙaci wani ya tsaya ya yi wa mai kallo wa'azi ba, shi da kansa zai ga cewa takardar ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba.

Ga mai nazarin harshe, akwai darasi a nan. Kalmar "na yarda" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai yardar wanda ya fahimta kuma yana da ikon ya ƙi, akwai ta wanda aka miƙa wa dogon rubutu cikin harshen lauyoyi, aka ce ko ya sa hannu ko ya kama gabansa. A wurin shari'a duk sunansu ɗaya. Fim ɗin ya raba su, kuma a kan wannan rabewa ƙungiyar ƴan wasa ta dage, har yarjejeniyar ƙarshe ta tanadi cewa sai an bayyana wa mutum abin da za a yi da surarsa kafin amincewarsa ta inganta.

4.2 Tsarin Labari Cikin Labari

Abin yabo na biyu shi ne tsarin hawa-hawa. Joan ta asali tana ƙasa, Annie Murphy tana kwaikwayonta, Salma Hayek tana kwaikwayon Annie, Cate Blanchett kuma tana kwaikwayon Salma. Kowane hawa yana ci daga na ƙasa da shi, kuma duk wanda yake wani hawa yana zaton shi ne na gaske. Wannan siffa ta yi daidai da yadda ƙirƙirarriyar basira take aiki, domin ba ta ƙaga komai daga babu, daga rubutu da fuska da muryar mutanen da suka riga suka yi aiki take ɗiba. Wanda yake can ƙasa, wanda rayuwarsa ce tushen komai, shi ne ba a ko ambaci ladansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5.0 Inda Fim ɗin Ya Gaza

5.1 Rashin Maganar Lada

Duk da haka, idan aka bi fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, za a tarar cewa ba kuɗi ne ya tayar da rikicinsa ba, mutunci ne. Joan tana kukan an tona mata asiri. Salma ba ta motsa ba sai da aka sa fuskarta a abin kunya. Da a ce shirin ya nuna su a matsayin mutanen kirki, da babu labari. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Brooker ya bayyana cewa tunanin labarin ya zo masa ne daga kallon The Dropout, shirin 2022 da aka gina kan rayuwar Elizabeth Holmes tun shari'arta ba ta huce ba. Ke nan tushen fim ɗin shi ne tambayar wa ya mallaki labarin rayuwar mutum. Tambayar masu yaji kuwa ita ce nawa za a biya, kuma sau nawa. Tambayoyin suna da dangantaka, amma ba ɗaya ba ne. Ƙaramin ɗan wasan da aka ɗauki surarsa aka sa ta cikin taron jama'a ba a ci mutuncinsa ba, kwanakin aikinsa aka cinye.

5.2 Zaɓen Taurari

Rauni na biyu ya shafi waɗanda aka ba murya. Ƴan wasan da fim ɗin ya nuna an zalunta, Salma Hayek da Annie Murphy, suna cikin ƴan tsirarun da suke da lauya da suna da ƙarfin ciniki. Mafi yawan masu ɗauke da kwalaye a ƙofofin kamfanoni a Los Anjalis da Niyok ba irinsu ba ne. Ba a ga marubuci ko ɗaya a cikin labarin ba, ba a ga mai ɗaukar hoto ko mai haske ko mai kwalliya ba. Kwamfutar ta riga ta share su tun kafin a fara, fim ɗin kuma bai tsaya ya tambayi inda suka nufa ba. Ma'aikaciya guda da aka ga an kora, wato wadda Joan ta sallama a farko, an yi amfani da ita ne domin a nuna halin Joan, daga nan aka wuce.

Wannan gurbi yana da nauyi, domin a zahiri waɗannan ma'aikata na bayan fage sun sha wuyar yajin ƙwarai, aiki ya tsaya musu na watanni alhali ba yarjejeniyarsu ake tattaunawa ba. Haka nan, nuna cewa kwamfuta kaɗai take haɗa hoto ya rufe gaskiyar cewa mutane ne suke wannan aiki. A watan Satumba na 2023, ana tsakiyar yajin, masu haɗa hotunan kwamfuta na kamfanin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE saboda tsawon awannin aiki da ƙarancin kariya.

5.3 Warware Rikici

Rauni mafi girma yana wurin warwarewa. Fim ɗin ya tattara duk matsalar ya zuba ta cikin na'ura guda, a ɗaki guda, yadda sara da gatari zai kawar da ita. Wannan ya ba da ƙarshe mai daɗin kallo, amma ya rushe abin da fim ɗin ya gina da kansa. Tun da farko an nuna cewa ƙarfin kamfanin yana cikin takardar da aka sa wa hannu. To, an fasa kwamfuta, takardar fa? Tana nan. Kamfanin da ya gina na'ura ɗaya zai iya gina ta biyu. Masaƙan Ingila sun farfasa injinan saƙa tsakanin 1811 da 1816, amma hakan bai hana injinan yaɗuwa ba.

Abin da ya sauya takardar a zahiri abu ne marar armashi a idon kyamara: dubban mutane sun ƙi aiki tare, sun jure rashin albashi, wakilansu suna ja-in-ja a kan kalma ɗaya-ɗaya. Marubuta suka sami ƙarin albashi na kashi 5 da 4 da 3.5 cikin ɗari a shekaru uku, da ƙayyade mafi ƙarancin yawan marubutan da za a ɗauka a shiri, da sharaɗin cewa ba za a lissafa abin da kwamfuta ta samar a matsayin rubutun marubuci ba, ba kuma za a tilasta wa kowa amfani da ita ba. An kuma sa ƙarin lada ga shirin da kashi 20 cikin ɗari na masu rajistar dandali a Amurka suka kalla cikin kwana 90 na farko. Ƴan wasa suka sami ƙarin kashi 7 cikin ɗari nan take, masu cika fage kashi 11, tare da sharaɗin neman izini da biyan lada kafin a yi amfani da surar mutum.

A nan kwatanci da littafin Ousmane Sembène na 1960, Les Bouts de bois de Dieu, zai yi amfani. Littafin ya ginu ne kan yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Neja na 1947 zuwa 1948. Sembène bai ɗora labarin a kan mutum ɗaya ba. Ya rarraba shi tsakanin garuruwa uku da gidaje masu yawa, ya nuna yunwa da saɓani da tattakin mata daga Thiès zuwa Dakar. Wannan ya nuna cewa adabi yana iya ɗaukar gwagwarmayar taro ba tare da ya rasa armashi ba. Joan Is Awful ya zaɓi ɗaya hanyar. Matsalar Joan tun farko ita ce ba ta jin ita ce tauraruwar rayuwarta, kuma nasararta a ƙarshe ita ce ta ji hakan. Waraka ce ta mutum ɗaya. Yajin aiki kuwa yana buƙatar kowa ya haƙura da zama tauraro, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.4 Mai Zambo da Wanda Ake Yi wa Zambo

Akwai kuma batun wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin. An tsara Streamberry da launi da tambari da sautin buɗewa irin na Netflix, kuma Netflix ɗin ne ya biya kuɗin aikin ya nuna shi. Har ma ya yi tallarsa ta hanyar gayyatar masu kallo su aika hotunansu a yi musu irin allon Joan, wasu daga cikin hotunan suka bayyana a allunan talla a Ingila bisa sharuɗɗan da masu su suka amince da su. Zambon da wanda aka yi dominsa ya saya, ya kuma ci riba da shi, yana kama da zambon maroƙi a fada: ana dariya, sarki ya yi kyauta, sarauta tana nan inda take. Wannan bai soke ingancin fim ɗin ba, amma ya nuna iyakar abin da zai iya faɗa. An bar shi ya taɓa batun sirri da kamanni. Batun ɓoye alƙaluman masu kallo da kuɗin maimaici, wanda a kansa ake jayayya da kamfanin a daidai wannan lokaci, bai fito ba.

6.0 Kammalawa

Adalci ne a tuna cewa fim ɗin barkwanci ne na ƙasa da awa guda, kuma an shirya shi kafin a fara yajin, saboda haka ba a ɗora masa alhakin zama takardar ƙungiyar ƙwadago ba. Gyaran ya fi shafar masu sharhin da suka mai da shi madubin yajin gaba ɗaya, alhali kusurwa ɗaya ya haska.

Sai dai wannan kusurwa ba ta tsufa ba. Yarjejeniyar marubuta ta sami amincewar kashi 99 cikin ɗari na masu ƙuri'a, ta ƴan wasa kuwa kashi 78 ta samu a watan Disamba na 2023. Babban ƙorafin masu adawa shi ne, kamfani yana iya mai da amincewa sharaɗin ɗaukar aiki, wanda ya ƙi sa hannu a nemi wani. Wannan shi ne tarkon da Joan da Salma suka faɗa. Batun bai mutu ba, domin a watan Yuli na 2024 masu ba da murya da motsi a wasannin bidiyo sun shiga nasu yajin a kan wannan magana, suka kai har watan Yuni na 2025. A watan Satumba na 2025 kuma SAG-AFTRA ta fito ta yi tir da Tilly Norwood, wata sura da kwamfuta ta haɗa ake tallata ta a matsayin ƴar wasa.

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa Joan Is Awful ya yi nasara wajen nuna yadda ake raba mutum da haƙƙinsa da alƙalaminsa, ya kuma gaza wajen nuna yadda ake ƙwato shi. Ɗalibin da zai yi tarken irin wannan aiki zai amfana idan bai tsaya ga jigon da aka furta ba, ya duba su wa aka ba bakin magana, su wa aka bari a bayan fage, da kuma hannun da ya warware rikicin a ƙarshe.